Otomatik Mai Ƙafa Biyu

Shafi na 9

Masu turo saƙo suna cewa "Uwar Kaji, kin rataye mu," na gani, ku sassauta mini. Wanda ya shigo yau kuma ya matso kusa, ga inda muke.

Ƙwai ɗari biyu da arba'in ne a cikin na'urar ƙyanƙyasata, kuma yau kwanansu goma sha tara. Saura kwana biyu. Bara na gwada, aka ɗauke wuta ina kasuwa, na dawo na tarar da na'urar ta yi sanyi. Ko tsako ɗaya bai fito ba. Na yi kuka har sai da maƙwabta suka zo gaisuwa, sun ɗauka mutum ne ya rasu. Ranar na yi alkawari da bakina cewa sau ɗaya zan sake gwadawa, in aka kuma, in sayar da na'urar in bar sana'ar har abada.

Shi ya sa mai gidana, malamin tarihi ne a sakandare, ya sayo janareta mai makulli da wani akwati da ake kafawa a bango. In an ɗauke wuta, akwatin ne zai tayar da janareta da kansa ya juya gidan kansa, in an dawo da ita ya mayar ya kashe. Otomatik ke nan. Shi ya haɗa da hannunsa, ya hana a kira ƙanwata Auta, wadda aikin wutar ne sana'arta. Tun ranar nake kiransa Injiniya, shi kuma yana amsawa.

Sai Babana. Aikin yanar ido ya kawo shi gidanmu, kwana uku ya ce zai yi. Yau ya kusa sati uku.

*

Ƙarfe tara na safe asibiti suka kira. Matar ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Sau uku ke nan kuna ɗage aikin tsohon nan. In sha biyu ta yi bai zo ba, za mu ba wani gurbin. Sai kuma bayan wata huɗu."

"Muna tafe," na ce. "Ko a goye zan kawo shi."

Na nufi ɗakin Baba, can bayan gida, wanda ƙofarsa ke kallon rumfar janareta. Yana zaune bakin gado, rediyonsa na ta surutu a gefe.

"Baba, a shirya. Yau babu ɗagawa."

"Uwata, idon nan fa ya yi sauƙi."

"Ya yi sauƙi?"

"Sosai. Tas nake gani yau." Ya juya wajen ƙofa. "Ga mijinki can ma a tsaye. Malam, shigo mana, me ka tsaya yi?"

Na waiwaya. Rigar ruwa ce rataye a ƙusa.

"Baba, rigar ruwa ce."

"To, ai tsayinsu ɗaya."

Ina cikin dariya sai ga Injiniyan na gaskiya ya shigo da kofin shayi, idonsa jajir. Kwanan nan kullum haka yake tashi. In na tambaya ya ce gyaran takardun jarrabawa ne.

Ya durƙusa ya gaida Baba. Na faɗa masa abin da asibiti suka ce.

"Yau?" ya ce.

"Yau. Ɗauko makullin mota."

"Dukanmu za mu tafi?"

"Da wa za a bari?"

Ya kalli Baba. Baba ya kalli inda yake tsammanin shi yake.

"Ina ganin," Injiniya ya ce yana juya cokali a shayin da ya riga ya juya, "ku hau tasi ke da Baba. Ni in tsaya gida."

"Ka tsaya ka yi me?"

"In kula da ƙwan."

"Ƙwan da otomatik ke kula da shi?"

"E... to... ido biyu ya fi ɗaya."

"Gaskiyarsa," in ji Baba da sauri. "Ko kuma ku biyu ku je ku ba su haƙuri, ni in tsaya."

"Baba, mu je asibitin ido ba mai idon?"

Ya hau gyara zaman hularsa.

Ni fa a lokacin ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka tsoron wuƙar likita ne, kuma surukin yana taya shi don kunya. Na buɗe jaka na ciro farar rigarsa da na goge tun jiya.

"Ɗaga hannu, Baba."

"Uwata..."

"Ɗaga hannu."

Ya ɗaga. Na zura masa rigar, kansa ya shige, hannu ɗaya ya shiga, ɗayan yana neman hanya.

Rediyo ya yi ɗif. Fanka ta fara rage gudu.

An ɗauke wuta.

Ku da kuke bina kun san halina. Da an ɗauke, ƙafata ba ta shawara da ni, ɗakin ƙwai take nufa, in tsaya gaban ma'aunin zafi ina ƙirga har janareta ya tashi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Bayan gida kuwa ba na zuwa, warin fetur yana sa ni ciwon kai.

Amma yau hannuna yana riƙe da wuyan rigar Baba. Sai na tsaya a inda nake, na yi murmushi irin na mai kaya.

"Ku saurara," na ce. "Ba ya wuce goma. Ɗaya. Biyu. Uku."

Shiru.

"Bakwai. Takwas. Tara. Goma."

Shiru.

"Sha ɗaya?"

Injiniya ya ajiye kofi a ƙasa a hankali.

"Bari in leƙa banɗaki."

"Sha biyar. Injiniya, bai tashi ba."

"Zai tashi. Wani lokacin yana... yana nazari."

Sai na ji rigar tana zamewa daga hannuna. Baba ne ya miƙe, kansa har yanzu a cikin riga, hannu ɗaya a sama. Ya dafa bango da ɗayan ya fara tafiya, ina jin muryarsa daga cikin yadin.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, dokin ƙofa..."

"Baba, ina za ka?"

"Alwala."

"Ƙarfe tara da rabi?"

Su biyun suka isa ƙofa lokaci ɗaya, suka yi karo. Injiniya ya ja baya da sauri.

"Afuwan, Baba. Wuce."

"A'a, kai wuce."

"Ai lokacinka ne, Baba."

Ya toshe bakinsa da hannu, amma maganar ta riga ta fita.

Na bi su a baya. Da idona na ga mahaifina, mutumin da yanzun nan ya gaida rigar ruwa, ya taka taki goma sha ɗaya ba tuntuɓe, ya sunkuya, ya kai hannu daidai kan makullin janareta ba lalube, ya murɗa.

Janareta ya tashi. Akwatin bango ya jira 'yan daƙiƙu, ya yi ƙas. Daga cikin ɗaki rediyo ya ci gaba da surutunsa.

Baba ya miƙe, ya samu ya fito da kansa ta wuyan rigar, hularsa ta karkace. Ya juyo da fara'a.

"Nawa na yi yau, Malam? Ina jin na makara."

Injiniya ya kalle ni, ya kalli ƙasa.

"Malam?"

"Baba," in ji Injiniya da wata ƙaramar murya, "tana nan tsaye."

*

Na fara zuwa ɗakin ƙwai, don ko duniya za ta tashi sai na duba. Zafi bai sauka ba. Na dawo na same su zaune a kan benci ɗaya kamar ɗalibai a ƙofar ofishin shugaban makaranta.

"Wa zai fara?"

"Laifina ne," in ji Injiniya.

"Shawarata ce," in ji Baba.

"Ɗaya bayan ɗaya. Injiniya."

Ya share gumi.

"Ranar da na haɗa, kina ciki kina jera ƙwai. Na sauke babban makunni don in gwada. Janareta ya ƙi tashi. Na sake, ya ƙi. Amma in na murɗa makulli da hannu, akwatin yana juya wutar da kansa lafiya lau. In an dawo da ita ma yana mayarwa. Tayarwar ce kawai da kashewar."

"Kawai."

"Na ce gobe zan gyara."

"Gobe ta yi sau goma sha tara."

"Ni na ji shi yana ajiyar zuciya a bayan tagata," Baba ya karɓa. "Na ce Malam lafiya? Ya gaya mini. Na ce to mene ne a ciki, ba murɗa makulli ba ne? Ni ina nan zaune ba aikin fari ba na baƙi. Rediyona a jikin wuta yake, da ya yi shiru na san an ɗauke. In na ji akwatin ya yi ƙas na biyu, an dawo da ita, in je in kashe. Muka raba, ni rana, shi dare."

Na juya ga mijina.

"Gyaran takardun jarrabawa."

Ya sunkuyar da kai.

"Da cikin da ke murɗa maka duk sanda fanka ta tsaya? Har jiƙo na dafa maka, bawan Allah!"

"Na sha kuma," ya ce. "Duka."

Sai wani abu ya faɗo mini a rai, na ji kunya ta rufe ni tun daga ƙafa.

"Tsaya. Ranar da na tara matan layin nan su shida a falo, na sauke makunni da hannuna, na ce su ga ikon Allah da ikon ilimi?"

"Ranar na yi bakwai," in ji Baba, har da gyara zama. "Ban taɓa yin sauri irin na ranar ba. Takalmi ɗaya na sa."

"Matar mai kanti har guɗa ta yi!"

"Na ji ta. Na ji daɗi ƙwarai."

Ina so in yi faɗa, dariya tana ture faɗan. Na dake.

"Injiniya, ka rasa wanda za ka mayar otomatik sai surukinka? Uban matarka? Mutumin da ya zo jinya?"

"Wallahi kullum sai na roƙe shi ya bari."

"Ya roƙa," in ji Baba. "Ni na ƙi."

"Shi ya sa kake ɗage aikin idonka?"

Baba ya shafa gwiwarsa.

"Uwata, bara a waya kika kira ni kina kuka. Ban iya yi miki komai ba sai haƙuri da na ba ki. Bana ga ni a cikin gidan. In tafi in kwanta a asibiti da ƙyalle a ido, a ɗauke wuta? Idon ya jira shekara biyu, zai iya jiran kwana ashirin da ɗaya."

Na juya baya na yi kamar ina gyara ɗankwali, don ba na son su ga idona.

Da na juyo na ciro wayata.

"Wa za ki kira?" in ji Injiniya.

"Ka sani."

"Uwar Kaji, don Allah. Akwai masu gyara da yawa a garin nan."

"Saura awa biyu da 'yan mintuna."

"Har in mutu ba za ta bar ni in huta ba."

"Da ka tuna da haka tun kwana goma sha tara."

*

Minti ashirin Auta ta yi. Tun daga ƙofar gida muke jin muryarta, jakar aiki a kafaɗa, hular kwano a hannu.

"Ina Injiniyan? A ce masa ƙaramar ma'aikaciya ta zo ɗaukar darasi!"

Ta durƙusa ta gaida Baba, ta miƙe ta sara wa mijina kamar soja.

"Ranka ya daɗe. An ce ka ƙirƙiro otomatik mai shan shayi."

"Auta, lokaci," na ce.

"Yaya, bar ni in more. Shekara nawa ina jiran rana irin wannan."

An riga an dawo da wuta, Baba ya kashe janareta. Ta sauke babban makunni, ta cire abin da za ta cire, ta gwada da abin gwajinta har ta tabbata babu wuta, sannan ta kwance murfin akwatin.

"Minti biyar ƙwanki zai yi ba wuta, Yaya. Ba abin da zai same shi, kada ki suma."

Ta haska ciki. Ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Tsokanar ta ɗan ragu a fuskarta.

"Kai ka ɗaura waɗannan manyan?"

"Ni ne," ya ce a ɗarare.

"To wallahi ka ɗaura daidai. Nan ne wurin haɗarin. In aka yi kuskure a nan, wutar janareta sai ta koma kan layin titi, ta kama ma'aikacin da ya hau falwaya yana ganin babu wuta. Kai ba ka yi wannan ba."

Injiniya ya ɗan ɗago kai. Har ƙirjinsa ya fara fitowa.

"Amma ina ƙananan?"

"Waɗanne ƙanana?"

"Wayoyi biyu sirara, dogaye. Daga nan suke tashi su shiga bayan janareta. Ga ramukansu nan a buɗe."

Ƙirjin ya koma.

"Wata ja da wata baƙa?"

"Su."

"Masu ɗan kan roba?"

"Su dai."

Ya shiga ɗaki. Muka ji yana jan durowa. Ya fito da ambulan, a liƙe, an rubuta a bayansa da kyakkyawan rubutun malamai: ƘARI. Har da kwanan wata.

Auta ta karɓa, ta karanta, ta zauna a ƙasa daɓas.

"Ƙari?"

"Da na gama na ga sun rage," ya ce. "Na ɗauka irin maɓallin nan ne da ake ɗinkawa a cikin sabuwar riga, ko da wani zai ɓace."

Auta ta kwanta a jikin bango tana dariya har da hawaye. Baba yana dariya yana tari. Ni ma na kasa riƙewa.

"Ba ka karanta takardar bayanin da ta zo da akwatin ba?" in ji Auta.

"Na karanta. Gabatarwar tana da kyau sosai, an kawo tarihin kamfanin tun daga kafuwarsa."

"Shafi na nawa ka tsaya?"

"Zanen ne ban gane ba."

"Zo nan, Malam, in koya maka, kai ma yau ka zama ɗalibi." Ta yage ambulan. "Akwatin nan yana da kunne, yana ji in an ɗauke wuta. Yana da hannu, shi ke juya gidan. Waɗannan biyun su ne bakinsa. Da su yake ce wa janareta tashi, da su yake ce masa kwanta. Kwana goma sha tara yana ihu a cikinsa, bakinsa yana cikin durowarka."

Ta miƙa masa sukundireba.

"Kai za ka ɗaura. Ja a nan, baƙa a nan. Matse. Ƙara. Yauwa."

Ya ɗaura. Ta duba batirin janareta, ta leƙa tankin mai, ta sa shi ya ja janaretan gaba har hayaƙinsa ya daina fuskantar tagar Baba. Sannan ta juya makullin zuwa wani gurbi na uku da ba wanda ya taɓa lura da shi.

"Nan zai zauna. Kada wanda ya sake taɓa shi. Baba, da kai nake."

"Na ji."

Ta mayar da murfi, ta ɗaga makunni, wuta ta dawo gidan.

"Yanzu gwaji. Yaya, riƙe hannun Baba na dama. Malam, riƙe na hagu. Ban yarda da shi ba."

Muka riƙe. Ta sauke makunni. Rediyo ya yi ɗif.

Na ji hannun Baba ya zabura a cikin nawa, ƙafarsa har ta ɗaga.

"Ɗaya," na fara. "Biyu. Uku. Huɗu."

"Ba zai tashi ba," Baba ya raɗa. "Sai an ɗan danna makullin ciki tukuna, halinsa ne."

"Biyar. Shida."

Janareta ya yi tari sau ɗaya, ya kama, ba kowa a kusa da shi. Akwati ya yi ƙas. Rediyo ya dawo.

Injiniya ya saki hannun Baba ya yi tsalle kamar yaron da ƙungiyarsu ta ci ƙwallo.

"Ya tashi! Uwar Kaji, kin gani? Ni na ɗaura!"

"Da taimakon wa?" in ji Auta.

"Tarihi ba ya rubuta ƙananan bayanai."

Baba ne kawai bai yi ihu ba. Yana tsaye, kansa a karkace, yana sauraren janareta.

"Shida," ya ce. "Ya fi ni." Ya yi 'yar dariya. "To, an sallame ni daga aiki ke nan."

Wasa ya yi, amma maganar ta soke ni. Tun da idonsa ya dushe, kowa cewa yake Baba zauna, Baba bari, Baba kada ka faɗi. Ni ce kan gaba wajen faɗa. Sai yau na gane abin da ya sa kwanan nan yake cinye abincinsa tas, yake waƙa in yana wanka.

"Ba sallama ba ce, Baba, canjin wurin aiki ne," na ce. "Jibi tsaki ɗari biyu da arba'in za su fito. Wa zai ƙirga mini su? Ni ba na yarda da lissafin malamin tarihi."

Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba.

*

Sha ɗaya da kwata. Auta ta ɗaga makunni, akwati ya mayar da gidan kan wutar gari, janareta ya ɗan yi gudu ba kaya don ya huce, ya mutu da kansa. Injiniya ya fita duba mota. Na riƙo hannun Baba muka nufi ƙofa.

Daidai ƙofar ɗakin ƙwai ya tsaya.

"Uwata."

"Baba, lokaci."

"Akwai sauran magana. Wannan ko mijinki bai sani ba. Ba na so in shiga hannun likita da ita a cikina."

Na juyo na fuskance shi.

"Ina ji."

"Alhamis ɗin da ta wuce ba wannan ba, waccan. Da kika tafi sayen abincin kaji, shi kuma yana makaranta."

"Na tuna."

"An ɗauke wuta ban sani ba."

"Ba ka ce rediyo yana gaya maka ba?"

"Ranar bai gaya mini ba. Yana ta magana abinsa. Ni kuma ranar akwai sanyi-sanyi, ban kunna fanka ba. Sai da na je shan ruwa na buɗe firiji, na ji ba ya ƙara, ruwan ma ya fara hucewa. Na yi gudu na murɗa." Ya haɗiye yawu. "Daga baya na laluba bayan rediyon. Wani ya sa masa batir."

Na saki hannunsa.

Ni ce. Da safiyar ranar na sa, ina goge masa ɗaki. Na ga duk sanda aka ɗauke wuta labaransa suna yankewa, na ce bari in yi wa tsohona gata. Sababbi fil guda huɗu, ban ma gaya masa ba don in ba shi mamaki.

"Na cire su na ɓoye a ƙarƙashin katifa," ya ce. "Na san ke ce. Shi ya sa na yi shiru."

"Awa nawa, Baba?"

"Ban sani ba daidai. An fara labaran rana da wuta, wannan na tabbata, don lokacin na ji ƙarar firiji. Da na murɗa, ana kiran la'asar."

Auta ta daina murmushi. Injiniya ya shigo yana kaɗa makullin mota, ya ga fuskokinmu, ya tsaya.

Awa uku. Ko fiye. A kwana na goma sha ɗaya.

Tun kwana na bakwai ban sake haska ƙwan da fitila in ga ko da rai a ciki ba, tsoro ya hana ni yawan buɗewa. Yanzu kuma ba dama. Daga kwana na sha takwas ba a buɗe na'ura, in danshin ciki ya fita, tsakon da ke da rai ma sai ya maƙale a ɓawo.

Na tura ƙofar na shiga. Ga su nan a jere ta cikin gilashi, farare, shiru. Ma'auni yana nuna zafi daidai. Amma ai bara ma haka suka yi kyau a ido.

"Za su iya jurewa," Auta ta ce a hankali. "Ko, Yaya? Ai kaza ma tana tashi daga kan ƙwai."

"Ba ta awa uku."

"Ku matsa," in ji Baba.

Ya lalubo na'urar, ya durƙusa da ƙyar, ya cire hula, ya manna kunnensa a jikin gilashin.

"Malam, daina kaɗa makullin nan."

Ya daina.

Ba abin da ake ji sai 'yar fankar cikin na'ura. Baba ya rufe ido. Ya matsa ƙasa kaɗan. Ya sake matsawa hagu. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da minti ashirin da biyar.

Sai ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Akwai mai magana a ciki."

"Baba, da gaske?"

"Ɗaya na ji. Ƙaramar murya, can ƙasa."

"Sauran fa?"

"Ɗaya na ce miki." Ya dafa kafaɗar Injiniya ya miƙe, ya mayar da hularsa. "Mu je a gyara idon nan. Wannan mai surutun, da idona nake so in gan shi."

Suka fita, Auta tana riƙe da shi, Injiniya yana gaba yana buɗe ƙofofi.

Ni na kasa bin su. Mutumin nan kwana goma sha tara ya yi yana ɓoye mini gaskiya don kada hankalina ya tashi. Me zai hana ya ƙara ɗaya?

Na durƙusa a inda ya durƙusa. Na manna kunnena a inda ya manna nasa. Na riƙe numfashi.

Fanka kawai.

"Yaya!" Auta ta ƙwala daga waje. "Saura rabin awa!"

Na ƙara dannawa har kunnena ya yi zafi. Ba komai. Injiniya ya danna hon.

Na ɗago kaina, hawaye ya riga ya cika mini ido. Na sa gefen mayafi na goge, na kai hannu zan kashe fitilar ɗakin.

A layin gaba, na uku daga dama, wani ƙwai ya girgiza.

Ba wanda ya taɓa na'urar. Na tsaya da hannuna a kan makunni, ban ƙifta ba.

Ya sake girgizawa.

Sai na kusa da shi ma ya motsa.